Turbar Bakin Kanal: Yadda 'Yan Sa Kai Ke Raya Ta Su Kuma Jawo Mata Jama'a

Daga unguwar Georgetown a birnin Washington zuwa garin Cumberland na jihar Maryland, akwai wata turba da ta bi gefen kogin Potomac har tsawon mil 184 da rabi, kusan kilomita 297 ke nan. Mota ba ta hawa kanta. Masu tafiya a ƙafa da masu keke ne ke binta, kuma miliyoyin mutane ke zuwa kowace shekara. Asalinta hanyar alfadarai ce. Kusa da ita akwai kanal, wato doguwar magudanar ruwa da aka haƙa da hannu don jiragen dakon kaya. Alfadarai na tafe a kan turba, igiya ɗaure a jikinsu, suna jan jirgin da aka shaƙe da kwal.

Sunan kanal ɗin Chesapeake and Ohio, amma kowa C&O yake ce masa. Shugaban Amurka John Quincy Adams ne ya yi saran farko ranar 4 ga Yuli, 1828. Sai a 1850 haƙan ya kai Cumberland, ya tarar jirgin ƙasa ya riga shi isa da shekara 8. Haka ya yi ta lallaɓawa har ambaliyar 1924 ta kashe kasuwarsa gaba ɗaya. Daji ya rufe shi, itatuwa suka tsiro a tsakiyar ramin.

Yadda wannan kango ya koma wurin da jama'a ke alfahari da shi darasi ne ga duk masu son raya turba a bakin wani tsohon kanal. Jigon darasin shi ne, gayyar rana ɗaya tana buɗe hanya, amma abin da ke riƙe ta shi ne a raba ta, kowane yanki da mai sa masa ido. Ga matakan dalla-dalla.

Mataki na farko: ku taka ta da ƙafarku

A farkon 1954 ana shirin shimfiɗa titin mota a kan tsohon kanal ɗin, jaridar Washington Post ma ta goyi bayan haka. Sai wani alƙalin Kotun Ƙolin Amurka, William O. Douglas, ya rubuta wa editocin takarda. Bai tsaya jayayya da su ba. Gayyatarsu ya yi su zo su taka turbar tare da shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sannan su faɗi ra'ayinsu. Suka amsa. A watan Maris na shekarar aka yi tafiyar kwana 8. Mutane da dama ne suka tashi, 9 kaɗai suka taka dukan hanyar, amma kafin a iso Washington labari ya game ƙasa, editocin kuma suka sassauta matsayinsu. Gani ya kori ji.

Ku ma da wannan za ku fara. Kafin taro, kafin neman kuɗi, ku fita mutum uku ko huɗu da littafi da biro da waya mai ɗaukar hoto. Ku rubuta abin da kuka gani bi da bi: inda turba ta yanke, inda ruwa ke kwanciya, inda gefe ya zaftare, inda aka mai da juji, inda wani ya matso da shingensa, inda titin mota ya gitta. Ku kuma rubuta abin da ya burge ku, kamar tsohon gini, inuwa mai daɗi ko wurin da tsuntsaye ke taruwa, domin da su za ku yi talla nan gaba. Kowane abu a sa masa nisansa daga mafari. Wannan littafi shi ne jarinku. Duk ofishin da kuka shiga da shi, za a san ba da ka kuke magana ba.

A zagaye na biyu, ku tafi da wanda ba ya ra'ayin aikin. Wanda ya sha rana tare da ku, kuka raba guzuri, ba zai yi muku adawa irin ta wanda ke zaune a ofis ba.

Mataki na biyu: ku san mai wurin

Babu kanal marar mai shi. Ko ya shekara 50 a yashe, yana cikin takardun wata hukuma ko wani kamfani. Shi C&O, bayan ambaliyar 1889 ya faɗa hannun kamfanin jirgin ƙasan da ya raunana masa kasuwa, sai a 1938 gwamnatin tarayya ta saye shi kan dala miliyan 2. Ko da haka, daga tafiyar Douglas zuwa ranar 8 ga Janairu, 1971, da shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar da ta mai da shi wurin tarihi na ƙasa, shekara 17 aka yi ana kai gwauro ana kai mari. Wanda ba shi da haƙuri kada ya shiga wannan aiki.

Ku nemi yarjejeniya a rubuce da mai wurin, ko da shafi ɗaya ce. Ta fayyace abu huɗu: iyakar wurin da aka ba ku izinin aiki, irin aikin da 'yan sa kai za su iya yi da kansu, irin wanda sai da ma'aikacin hukuma a tsaye, da wanda zai ɗauki nauyi idan wani ya ji rauni. A C&O hukumar gwamnati ce ke da wurin, ita ke yanke hukunci kan gine-ginen tarihi da manyan gyare-gyare. 'Yan sa kai suna sa hannu a takarda kafin su ɗauki shebur. Wannan ba rainin wayo ba ne. Shi ke kare ku ranar da wani abu ya faru.

Kada ku manta da maƙwabta. Mai gonar da ke jingine da turba yana tsoron baƙi su tattake masa shuka ko su bar masa shara. Ku je masa tun kafin ya ji a bakin wani, ku tambaye shi abin da ke damunsa, ku gyara abin da za ku iya. Sau da yawa ƙofa ɗaya ko ɗan allo ɗaya ke kashe rigimar da za ta ci shekaru.

Mataki na uku: ƙungiya ƙarama, littafi a buɗe

Daga cikin waɗanda suka yi tafiyar 1954 ne aka sami kwamitin da ya zama ƙungiyar C&O Canal Association, wadda har yau tana nan, ta 'yan sa kai ce zalla. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, don haka kada ku cika muƙamai. Mutum biyar sun isa a farko: shugaba, magatakarda, ma'aji, mai kula da kayan aiki da mai hulɗa da jama'a. A buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu, kuma a karanta shige da ficen kuɗi a kowane taro ko da kwabo nawa ne. Ƙungiyoyin sa kai da yawa ba rashin kuɗi ke kashe su ba, zargi ne.

A kuma riƙa rubuta awowin da kowa ya yi yana aiki. Ranar da za ku nemi tallafi, adadin waɗannan awowi ne shaidar cewa jama'ar gari sun riga sun zuba nasu.

Mataki na huɗu: ku yanka turbar gunduwa-gunduwa

Nan ne zuciyar aikin. Ƙungiyar C&O ta raba turbar zuwa gajerun yankuna, kowane na 'yan mil kaɗan, ta ba kowane yanki mai zagaya shi. Aikin mai zagaye ba shi da wuya. Yana taka yankinsa lokaci zuwa lokaci, da buhun shara a hannu. Yana tsince abin da aka yar, yana duba lafiyar turba da gine-gine, yana lura da yawan mutanen da ya haɗu da su, sannan ya rubuta ɗan rahoto. Ƙungiya ta tattara rahotannin ta miƙa wa hukuma abin da ke bukatar gyara.

Hikimar abin ita ce, abin kowa da kowa ba na kowa ba ne. Mil 184 sun fi ƙarfin tunanin mutum ɗaya, amma mil 3 ba su fi ƙarfin dattijon da ya yi ritaya ba. Bayan shekara ɗaya ya san kowace bishiya da kowane dutse a yankinsa. Shi ne zai lura tsagar da ke jikin bango ta ƙara faɗi tun zuwansa na baya, abin da injiniyan da ke leƙowa sau ɗaya a shekara ba zai taɓa gani ba.

Wajen rabawa ku kiyaye abu uku. Kowane yanki ya fara kuma ya ƙare a wurin da ake iya shiga daga titi. Tsawonsa ya zama wanda mutum zai je ya dawo cikin rabin yini. Sannan a ba kowane yanki aƙalla mutum biyu, don in ɗaya ya yi tafiya ko ya kwanta rashin lafiya kada wurin ya zama maraya. Takardar rahoto kuma kada ta wuce shafi ɗaya: rana, yanayin turba, yawan shara, abin da ya lalace, abin da ke da haɗari. In ta yi tsawo, wata na uku ba wanda zai cika ta.

Mataki na biyar: ruwa ne babban abokin gaba

Ƙafa ba ta cika lalata turba ba, ruwan da ya rasa hanyar fita ne ke cinye ta. Saboda haka kafin ku yi tunanin kujerun hutawa da alluna masu kyau, ku sallami ruwa.

Turba ta gari tana da ɗan doro a tsakiya, ruwa ya gangara hagu da dama. Gangaren kimanin santimita 2 a kowace mita ya wadatar. Idan tayoyi suka yi kwari biyu, ciyawa ta tsiro a tsakiya, ruwa zai riƙa bin kwarin yana ƙara zurfafa shi. Maganinsa a kankare ciyawar, a cike kwarin da tsakuwa mai ɗan girma, a bi da niƙaƙƙen dutse mai gari a sama, a yayyafa ruwa, a daddaɓe. Tsakuwar rafi mai sulɓi ba ta kama juna, tayar keke nutsewa take a cikinta. Mai kaifin gefe ita ke haɗewa ta yi tauri. Faɗin turba ya kai wajen mita 3, yadda keke biyu za su gifta juna ba tare da wani ya faɗa ruwa ba.

Sai kwalbatoci. Kanal kan tare hanyar ƙoramun da ke gangarowa zuwa kogi, shi ya sa magina suka bi da su ta ƙarƙashinsa. A C&O akwai irin waɗannan tsofaffin kwalbatocin dutse fiye da 100. In itace da ganye suka toshe bakin guda ɗaya, ruwa ya taru a baya, wata rana sai ya ɓalle ya tafi da turbar. Share bakin kwalbati kafin damina aikin mutum biyu ne da manjagara na awa ɗaya. Sake gina wanda ya rushe aikin kamfani ne na watanni. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Itatuwan da ke tsirowa cikin tsohon ginin dutse kuwa, a yanke su tun suna ƙanana, daidai da fuskar bango. Kada a fizge saiwar, don takan fito da dutsen da ta riƙe. Babbar bishiya da ta riga ta shiga gini, a bar wa masana. Haka kuma duk ramin da dabba ta haƙa a jikin gefen da ke riƙe ruwa, a kai rahotonsa nan take, domin ta nan yoyo ke farawa.

Mataki na shida: ranar gayya

Akwai aikin da sai taro. A Ingila, a watan Satumba na 1968, 'yan sa kai wajen 600 suka taru a kanal ɗin Ashton da ke yankin Manchester, suka kwashe shara kimanin tan 2,000 cikin hutun ƙarshen mako guda. Kafin nan ana kallon kanal ɗin a matsayin juji mai haɗari da ya kamata a cike. A 1974 aka sake buɗe shi. Amfanin irin wannan rana ya wuce sharar da aka kwashe, don ita ke nuna wa hukuma cewa wurin yana da masu shi.

Sai dai gayyar da ba a tsara ba wahala ce. Mako biyu kafin ranar, ku rubuta ayyukan ɗaya bayan ɗaya, kowane da yawan mutanen da yake bukata. Ku raba jama'a rukuni-rukuni, kada rukuni ya wuce mutum 10, kowane da jagoran da ya riga ya ga wurin. Kayan aiki su isa kafin mutane: shebur, diga, manjagara, adda, baro, buhuna, safar hannu, ruwan sha da akwatin agajin gaggawa. Ku san inda sharar za ta tafi da motar da za ta ɗauke ta a ranar. Tulin buhunan da aka bari a bakin hanya kwana uku yana rushe duk sunan da kuka yi.

Kafin a fara, a yi bayanin minti biyar kan tsaro. Ba mai taɓa zarto mai inji sai wanda aka horar. Kwalba fasasshiya da allura ba a ɗaukarsu da hannu. Ba mai shiga taɓon ƙasan kanal shi kaɗai, don yakan riƙe mutum har cinya. Yara su yi aiki nesa da ruwa, a gaban iyayensu. Awa uku zuwa huɗu sun isa. A tashi mutane na da sauran ƙarfi, a ci abinci tare, a ɗauki hoton wurin kafin aiki da bayansa. Kafin kowa ya watse, a zagaya da takardar yankunan da ba su da mai zagaye. Wanda ya zo gayya yau, shi ake so ya zama mai yanki gobe.

Mataki na bakwai: babban gyara da neman kuɗi

Kanal ɗin C&O yana da ƙofofin ɗaga jirgi 74, da gadoji 11 masu ɗauke da ruwan kanal ta saman wasu koguna, da ramin Paw Paw da aka huda cikin dutse tsawon kusan mita 950. Irin waɗannan ba aikin shebur ba ne. Rawar 'yan sa kai a nan ita ce su hana a manta, su kuma tara kuɗin farko da zai jawo na gwamnati.

Gadar Monocacy mai baka 7 ta jigata a ambaliyar guguwar Agnes ta 1972, aka ɗaure ta da ƙarafa, ta zauna haka shekaru. Ƙungiyar C&O Canal Association ta yi ta kamfe da tara gudummawa har aka kammala gyaranta a 2005. Gadar Catoctin kuwa rushewa ta yi a 1973. Aka tsamo duwatsunta da suka zube, aka mai da su mazauninsu, aka sake buɗe ta a 2011.

Darasin shi ne ku ɗauki abu ɗaya, mai suna, wanda ido ke gani. Mutum ba ya jin daɗin ba da kuɗi don "raya turba", amma zai bayar don a tsayar da gadar da ya sani tun yana yaro. Ku samo ƙiyasin injiniya, ku faɗi adadin a fili, ku riƙa sanar da abin da aka tara, kuma kada ku buɗe neman kuɗi na biyu kafin na farko ya ga ƙarshe.

Mataki na takwas: ku jawo jama'a

Turbar da ba a bi, ciyawa ke gadonta. Talla ta farko ita ce baƙo ya iya zuwa bai ɓata ba. A C&O kowane mil yana da alamarsa mai lamba, ta yadda mai neman taimako zai iya faɗin daidai inda yake. A kowace mashiga ku kafa allo mai taswira: ina nake, nawa ne nisan gari na gaba, ina ruwan sha, ina makewayi. Dokoki su zama kaɗan. A C&O gudun keke ba ya wuce mil 15 a awa, kuma mai keke yana sanar da mai ƙafa kafin ya wuce shi.

Talla ta biyu ita ce garuruwan da ke kan hanya. Brunswick, Williamsport, Hancock da Cumberland sun gane cewa mai keken da ya yi mil 40 yana bukatar abinci da wurin kwana da mai gyaran taya, har garuruwan suka haɗa kai suna tallata kansu tare. Ku shiga shago-shago ku nuna wa masu su abin da za su samu. Ranar da mai sayar da abinci ya fara ƙirga cinikinsa da masu bin turba, kun sami mai kare ta a zauren majalisar gari.

Talla ta uku, ku ba mutane dalilin dawowa. Wata ƙungiyar, C&O Canal Trust, da aka kafa a 2007, ta haɗa hannu da hukuma aka gyara wasu daga cikin gidajen masu tsaron ƙofofin ruwa na da, ana kama su a kwana, 'yan sa kai na kula da su. Ita kuma tsohuwar ƙungiyar tana shirya tattaki duk shekara don tunawa da tafiyar Douglas. Ku ma ku tsayar da rana ɗaya a shekara wadda ba ta canzawa, ku gayyaci makarantu, ku sa hotuna a Facebook, ku kira 'yan jarida su taka da ƙafarsu.

In akwai wata turba kusa, ku nemi haɗewa da ita. A 2013 aka kammala Great Allegheny Passage, mai mil 150 daga Cumberland zuwa Pittsburgh. Da ta haɗu da C&O sai aka sami hanyar kusan mil 335 daga Pittsburgh har Washington, wadda mutane ke tasowa daga ƙasashe daban-daban don su bi.

Mataki na ƙarshe: ku shirya wa ambaliya da tsufa

Abin da ke gefen kogi, kogi zai ziyarce shi. A 1996 ambaliya biyu, ɗaya a Janairu ɗaya a Satumba, suka yi wa C&O mummunar ɓarna, kuma jama'a suka fito da yawa aka gyara. Ku ajiye lambobin wayar 'yan sa kai a wuri fiye da ɗaya, ku ware ɗan kuɗin ko-ta-kwana, ku adana hotunan kowane yanki don a san yadda yake kafin ruwa. Ku kuma tuna masu zagaye suna tsufa. Kowane dattijo ya riƙa tafiya da matashi, ya nuna masa inda ruwa ke kwanciya da kwalbatin da ke yawan toshewa.

Mai karatun da ya san kanal-kanal ɗin noman rani na Kadawa, waɗanda ke shan ruwa daga madatsar Tiga, zai ga bambanci. Waɗannan suna aiki ne har yanzu, ruwansu na gona ne, suna ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma damuwarsu kachala ce da yashi da tsargiya. Amma dabarar rabon yanki ba ta canzawa: manomin da aka ce daga wannan ƙofa zuwa waccan amanarsa ce ya fi kwamitin mutum 30 saurin ganin inda ruwa ke yoyo.

A 1977 aka sadaukar da wurin tarihin C&O ga William O. Douglas, kuma ya cancanta. Sai dai shi kwana 8 ya yi a waccan tafiya. Shekarun da suka biyo baya, waɗanda ba a san sunansu ba ne suka ɗauke su, kowa da mil 3 nasa da buhun shararsa da takarda mai shafi ɗaya. In kuna da kanal a kusa, ku sa rana, ku sayi littafi, ku je ku rubuta abin da ke mil na farko.